Tambaya Ta Tara

SHAFI NA 34

Masu turo min saƙo cewa in yi sauri, ku natsu ku karanta a hankali. Yau babu abin dariya a nan.

Da hantsi Malama ta shigo shagon surukinta da takardu a hannu. Ta yi sallama, ta durƙusa gefen tarin katako.

"Baba, takardun inshorar lafiyar ne. Da azahar mai inshora zai zo karɓa. Saura ku dangwala yatsa a shafin ƙarshe."

Kafinta ya ajiye ƙafar kujerar da yake gogewa, ya share hannu a jikin rigarsa. Tun bara yanar ido ta rufe masa ido biyu. Mutum ya zama inuwa a wurinsa, rana ta zama farin hayaƙi. Amma bai bar aiki ba, don hannunsa ya san katako fiye da yadda idon wasu ya san shi. Kamfanin da babban ɗansa Dogo, mijin Malama, ke tuƙa wa doguwar mota ne ya buɗe inshora har da iyaye. In takardun suka shiga, wata mai zuwa za a yi masa aikin ido.

"Shi Dogon yana ina da ba zai kawo min da kansa ba?"

"Yana ciki yana shiri. Ƙarfe goma motar kamfani za ta zo ta kai shi tasha."

"Ke kika cike?"

"Shi ya cike da fensir. Mai inshora ya ce takarda ɗaya ake ba kowa, a fara da fensir, in an tabbatar sai a bi da biro. Ni ce mai bin biron, ban kai ga bi ba tukuna."

"Gara haka. Rubutun Dogo ai ko shi da ya yi, in ya kwana ba ya iya karantawa."

Malama ba ta yi dariya ba. Ita da ko tari Baba ya yi sai ta murmusa. Kafinta ya ji wannan shirun.

Ya karɓi takardun. Ɗabi'arsa ce, duk abin da aka miƙa masa sai ya shafa shi daga sama zuwa ƙasa, ko faranti ne, ko kan jariri. Ya shafa shafi na ɗaya, sumul. Na biyu, sumul. A na uku, can ƙasa ta hannun dama, ɗan yatsansa ya tsaya.

Ya koma baya ya sake bi. Ya kuma tsayawa a wuri ɗaya.

"Nan an goge."

"Baba, ai fensir ne, dole a yi kuskure a goge."

"Malama, shekara arba'in da ɗoriya ina goge katako. Na san wurin da aka goge sau ɗaya, na san wurin da aka yi ta komawa. Wannan takardar saura kaɗan ta huje. Me aka rubuta a nan?"

"Bari in kawo tawadar ku dangwala, lokaci na tafiya."

"Tambayarki na yi."

Ta sunkuyar da kai. Ya ji numfashinta ya sauya.

"Karanta min shafin tun daga sama. Kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina gane in an yi min tsallake."

Ta karɓa.

"Shafin lafiyar shi direban ne. An ce, a cikin mako biyu da suka wuce, sau nawa waɗannan abubuwan suka dame ka. Kowace tambaya da akwati huɗu a gabanta. Na farko, ko kaɗan. Na biyu, wasu ranaku. Na uku, fiye da rabin ranakun. Na huɗu, kusan kullum."

"Ina jin ki."

"Rashin sha'awar abubuwan da ka saba jin daɗinsu. Ya sa ko kaɗan."

"Mutumin da ya bar kallon ƙwallo, ya ba maƙwabci rediyonsa kyauta. To. Ci gaba."

"Rashin barci. Ko kaɗan."

"Ƙarya. Makaho ne ni, ba kurma ba. Takun wa nake ji a tsakar gida?"

"Rashin cin abinci. Ko kaɗan."

"Ƙarya. Ni na huda masa bel da ƙusata, sau biyu a wata uku."

"Jin cewa kai ba komai ba ne, ko ka ba iyalinka kunya." Ta dubi akwatin. "Ko kaɗan."

A nan Kafinta bai ce ƙarya ba. Ya motsa a kan bencinsa.

Ta yi ta karantowa har ta kai ta takwas, sannan ta tsaya.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Yatsana ya ƙirga layi tara."

"Baba, don Allah."

"Karanta."

"Tunanin cewa gara a ce ka mutu, ko tunanin ka cutar da kanka."

Wata mota ta wuce a titi. Wani mai talla ya yi kira ya wuce. Kafinta yana zaune kamar an buga shi da ƙusa.

"Wane akwati ya sa wa alama?"

"Ko kaɗan."

"Wurin da aka goge fa, akwati na nawa ne?"

Hawaye ya ƙwace mata.

"Na huɗu."

"Kusan kullum."

"Eh, Baba."

"Kin gani kafin ni?"

"Tun shekaranjiya. Na ɗaga takardar a hasken taga, na ga rana tana ratsowa ta wurin. Na tambaye shi, ya ce hannunsa ne ya goce. Ya ce in bi abin da na gani da biro in rufe bakina."

"Sai kika rufe."

"Tsoro nake ji. Na ga kamar in na furta, na kira abin ne."

Ku masu karatu, ku ji da kyau. Furtawa ba ta kiran komai. Da yawa sun yi irin wannan shirun suna ganin ladabi ne, daga baya suka rasa wanda za su yi wa ladabin.

"Akwai saura, ko ba haka ba?" in ji Kafinta. "Muryarki ba ta sauke kayanta duka ba."

Malama ta share fuska da gefen mayafi.

"Ranar da mai inshora ya kawo takardun, na kai musu ruwa. Ina bakin ƙofa na ji ɗanku yana tambayarsa, wai in mai takardar ya rasu, waɗanda ke ƙarƙashinsa fa? Mai inshora ya yi dariya, ya ce haba Direba, kai da ko furfura ba ka fara ba. Ɗanku ya ce masa dai ya amsa. Shi ne mai inshora ya ce a tsarin kamfaninsu iyali za su ci gaba da zuwa asibiti har shekara ta zagayo. Baba, na ji ya ce alhamdulillahi. Wata biyar ban ji ya faɗi kalmar nan da irin wannan muryar ba."

Wata biyar. Kowa a gidan ya san abin da ya faru wata biyar da suka wuce. Tayar gaba ta fashe a kan babbar hanya, motar Dogo ta kife. Fasinjoji sun fita da raunuka, Dogo ya fita da ƙujewa a goshi. Mutum ɗaya ne bai fita ba: kwandastansa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Auta. Kamfani ya bincika ya ce babu laifin direba. Bayan mako uku Dogo ya koma kan sitiyari. Tun daga ranar ba a sake ambaton Auta a gaban Kafinta ba, don shi ya ce ba ya so.

"Kira min shi."

"Baba, kada ku yi masa faɗa."

"Kira min shi, kuma kada ki tafi. Ke ma maganar ta shafe ki."

Dogo ya shigo sanye da rigar kamfani, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar. Makullin mota yana ƙara a aljihunsa. Ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba. An dangwala?"

"Matso."

Ya matso.

"Ba ni hannunka."

Kafinta ya kama ɗan yatsan ɗansa, ya ɗora shi a kan takardar, daidai wurin da ta yi laushi.

"Sau nawa?"

Dogo ya juya ya dubi matarsa.

"Ke, me na ce miki?"

"Kada ka dube ta. Ba ita ta faɗa min ba, takardarka ce ta faɗa min. Sau nawa ka sa alama ka goge?"

"Kuskure ne, Baba. Layukan ƙanana ne, ido yana ruɗewa."

"Ni za ka koya wa ruɗewar ido?"

"Wallahi tambayoyin banza ne. Kowa a tasha ko kaɗan yake sawa daga sama har ƙasa. Akwai wanda ko karantawa bai yi ba."

"Kai ka karanta."

"Baba, zan makara. Mutum arba'in suna jirana."

"Su jira. Sau nawa?"

Dogo ya yi ƙoƙarin janye hannunsa. Bai san cewa hannun da ya shekara arba'in yana riƙe guduma ba a janye masa abu ba.

"Ban ƙirga ba," ya ce a hankali.

"To me ya sa ka goge?"

"In na bar shi, takardar likitan kamfani za a kai wa. Za su sauke ni daga mota. Za su ce sai an sake bincike, takardun su kwanta wata da watanni, ranar aikin idonka ta wuce. Likitan ido ya ce in yanar ta ƙara tauri aikin zai yi wuya. Ka ji da kunnenka."

"Na ji. Me ya sa kuma kake komawa kana sake sawa?"

Dogo ya kawar da kai.

"Dogo."

"Don ba wanda ya taɓa tambayata," in ji Dogo. "Wata biyar, Baba. Kowa sai dai ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Manaja ya ce ni jarumi ne. Abokai suka ce in manta. Sai ga takarda ta zo ta tambaye ni kai tsaye. Na kasa yi mata ƙarya. In na sa gaskiya sai in tuna idonka, in goge. In na goge sai in ji kamar an shaƙe ni, in sake sawa."

Malama ta toshe bakinta da mayafi.

Kafinta mutum ne da ba ya rasa karin magana. Ko cinikin kujera ake yi sai ya jefa biyu. Ranar nan ya laluba kansa kaf bai samu ko ɗaya da za ta yi aiki ba. Sai ya yi abin da takardar ta yi, ya tambaya kai tsaye.

"Ka sa rana?"

"Baba!" in ji Malama.

"Bar ni. Dogo, ka sa rana?"

Dogo ya kifa goshinsa a gefen teburin aiki, cikin garin katako.

"Na ce sai an cire maka bandeji. In tabbatar ka gani."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kafinta ya saki yatsan, ya kama wuyan hannun gaba ɗaya.

"In ga me? Faɗa min, in ga me? Auta ban ga fuskarsa ba. Shafawa na yi, daga goshi zuwa haɓa, kamar ina auna katako. Kai kuma ka zauna ka shirya min ido sabo fil don in kalli taka da kyau? Wannan ce kyautar da ka tanadar min?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi?"

"Na ga in ka warke ba ka bukatar mai ja maka hannu. Kuma ba sai ka riƙa buɗe ido kana ganin wanda ya fito ya bar shi ba."

Kafinta ya ji maganar ta shige shi har ƙashi, don ya san ta. Tasa ce.

Ranar hatsarin, a barandar asibiti, Dogo ya zo ya durƙusa gabansa da jini a goshi. Kafinta ya shafa kansa, ya shafa kafaɗunsa, ya ji duk suna nan. Sai ya ce, "Ina ƙanenka? Kai ka fito lafiya, shi ka bar shi?" Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba, bai kuma janye ba.

"Na faɗa," in ji Kafinta. "Ban manta ba. Na ɗauka kai ka manta."

"Kullum in na tayar da mota sai na ji ta. Ta fi injin ƙara."

"Wa ya ce ka ɗauki Auta aiki?"

Kafinta ya juya wajen Malama.

"Malama, ke kina nan. Wa ya ce?"

"Ku ne, Baba."

"Ni ne. Yaro yana son zama a shagon nan, hannunsa ya fi nawa laushi a kan katako. Na ce kafinta ba sana'ar zamani ba ce, ya bi yayansa ya ga duniya. Ka ce min hanya ba ta da tabbas, na ce maka kai ba ka son ci gaban ƙanenka. An yi haka ko ba a yi ba?"

"An yi."

"To ranar nan a asibiti, kaina nake tambaya. Kai ne dai ka zo kusa, na jefa maka. Na hana a ambaci sunansa a gidan nan, kuka ɗauka tauri ne. Ba tauri ba ne. Kunya ce. Wata biyar ina zaune a kanta, ashe kai kake ɗauke da nauyin."

Bai taɓa ba ɗansa haƙuri ba tun da ya haife shi. Bakinsa bai san hanyar ba.

"Na zalunce ka. Ka yafe min."

Kukan da Dogo bai yi a maƙabarta ba, a nan ya zo masa. Katon mutum, kafaɗunsa suna girgiza har ƙusoshin da ke kan tebur suna motsi. Kafinta bai ce masa ya isa ba. Ya ɗora ɗaya hannun a bayan wuyansa ya bar shi.

Da kukan ya lafa, ya ce, "Malama, miƙo biron."

Ta miƙo.

"Ba ni ba. Ba shi."

Dogo ya ɗago.

"Baba, idonka."

"Nawa ne ko naka?"

"In suka ƙi takardar fa?"

"Su ƙi."

Malama ta ce, "A ƙasan shafin an rubuta cewa wanda ya sa alama a nan, likita zai gan shi a ranar. Ba a ce za a ƙi ba. Ban san me za su yi daga baya ba, amma ba a rubuta haka ba."

"Ko an rubuta," in ji Kafinta. "Saurara, Dogo. In ranarka tana jiran a cire min bandeji ne, to wallahi ba mai sa min bandeji. Ko kyauta suka ce za su yi, ba zan kwanta musu ba. In zauna a duhun nan shekara ashirin ina jin takunka a tsakar gida, ya fi min. Yau za ka ja ni asibiti kamar yadda ka saba, amma ba ɓangaren ido za mu ba. Zan zauna a bakin ƙofar likitan har ka gama faɗa masa abin da ka faɗa min, har da maganar ranar. In ka rage, ni zan shiga in cika."

"Mutane za su ce na taɓu."

"Mutane sun ce maka jarumi, me ya ƙare ka da shi?"

Daga waje aka danna hon. Motar kamfani ce.

Dogo ya dubi ƙofa, ya dubi takardar. Malama ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta danne gefe da tafin hannu. Kafinta ba ya ganin komai sai inuwa biyu a sunkuye. Ya ji an cire murfin biro. Sannan ya ji wata 'yar ƙara, ƙyat.

"Ba ni in ji."

"Baba, bari in faɗa muku," in ji Malama.

"A'a. An yi min karatu ya isa. Ba ni."

Ya bi shafin da ɗan yatsa, layi ɗaya, biyu, har tara. Ya fara daga akwatin farko, babu komai sai santsin fensir. Na biyu, babu. Na uku, babu. A na huɗu yatsansa ya faɗa rami. Takardar da ta sha guga ba ta iya ɗaukar bakin biro ba, ta huje.

Ya daɗe da yatsa a kan hujin.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Yau ka yi rubutun da na iya karantawa."

Aka sake danna hon, wannan karon da tsawo. Wata murya daga titi ta ce, "Dogo! Ka fito mana, motarka ta cika a tasha tun ɗazu!"

Dogo ya miƙe. Jiki ne ya saba, in an kira sai ya tashi. Kafinta ya ji makullin ya yi ƙara a aljihu.

"Ina za ka?"

"Bari in yi wannan zuwan kawai, Baba. Babu wani direban a ƙasa. In na dawo gobe sai mu je."

"Ba ni makullin."

"Baba, mutum arba'in."

"Na ji. Su ma 'ya'yan wasu ne. Ba ni."

Malama ta tashi ba tare da kowa ya ce mata ba, ta je ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta a titi. Shekara shida da aure ba ta taɓa tare wa mijinta hanya ba.

Dogo ya sa hannu a aljihu. Ƙarar makullin ta ɗauke, ya damƙe shi ke nan. Hannun bai fito ba.

Kafinta ya miƙa tafinsa a buɗe, wajen da yake jin numfashin ɗansa.

A waje aka danna hon na uku.